Birkin motata ya koma kamar soso, an fitar da iska sau uku bai gyaru ba

Baban Ilham (Unguwar Dosa): Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don abin ya fara hana ni barci. Motata Corolla ce 2005. Mako biyu da suka wuce tayar gaba ta dama ta fara ɗaukar zafi, in na dawo daga aiki har ƙauri nake ji. Na kai wa makanikena, ya ce kalifa ce, wato abin da ke matse faifan birki a taya, ta ƙame, fistin ɗinta ya yi tsatsa. Ya je ya sayo 'yar Beljiyam ya ɗaura, ya sa sabbin fad. Zafi ya tafi. To amma tun daga ranar birkin ya zama wani iri. In na taka sai feda ta lotsa kamar na taka soso, sai ta kusa kai ƙasa sannan motar ta fara kamawa. In na tattaka da sauri sau biyu ko uku sai ta ɗan taso. An fitar da iska sau uku. A na ukun ya ce masta ce, wato famfon da ke tura man birki in an taka feda, ya canja robobin cikinta, ba abin da ya sauya. Jiya da yamma ina saukowa daga gadar Kawo, yarana biyu a baya, wani mai Keke ya tsaya a gabana ba zato. Allah ne kawai ya kiyaye. Yanzu ya ce in kawo kuɗin masta sukutum. Kafin in bayar nake so in ji ta bakin waɗanda suka sani.

Maman Nabila: Wa alaikumus salam. Baban Ilham, don girman Allah ka ajiye motar nan tukuna. Ka sa yara a Keke su tafi makaranta na kwana biyu. Ni ban san gyara ba, amma na san motar da ba ta da birki ba ta ɗaukar yara.

Baban Ilham (Unguwar Dosa): Gaskiya ne Hajiya. Tun jiya tana ƙofar gida, ban sake tayar da ita ba.

Auwalu mai kayan mota: Alhaji, masta ce. Corolla mai shekara kusan 20, in robobi suka gaji cikin silindar ma ya riga ya cinye, ko ka sa sabbin robobi ba za su riƙe ba. Mun sha ganin haka a Panteka. Ka sa masta 'yar Beljiyam mai kyau ka huta.

Injiniya Bashir: Malam Auwalu, a yi haƙuri a bar sayen kaya tukuna. Laushin birki iri biyu ne, kuma mutane na haɗa su. Akwai fedar da ke lotsawa tana dawowa, in ka tattaka ta taso. Wannan yawanci iska ce a cikin layi, domin mai ba ya matsuwa, ita kuwa iska tana matsuwa, ƙarfin ƙafarka sai ya ƙare wajen matse ta maimakon ya isa taya. Akwai kuma fedar da za ka taka ta tsaya da tauri, amma in ka riƙe a danja sai ta riƙa zarewa sannu a hankali har ƙasa. Ita ce alamar masta, mai na sulalewa ta gefen roba a ciki, ko kuma yana yoyo a wani wuri. Baban Ilham, fita wajen motar ka yi mana abu uku. Kada ka kunna inji. Ka tattaka sau biyar ko shida har ta yi tauri, ka danne da ƙarfi daidai na minti ɗaya, ka ji ko tana sauka. Sannan ƙafarka na kai ka kunna motar, ka gaya mana abin da ta yi. Na uku ka buɗe bonet ka duba man birki, yana raguwa ko yana nan yadda aka cika shi.

Oga Sani Kurmin Mashi: Injiniya ya yi daidai. Ka ƙara da birkin hannu, ka ja ka ƙirga ƙas-ƙas nawa yake yi kafin ya kama. Corolla irin taka yawancinsu diram ne a baya. In shu, wato takalmin birki na ciki, ya yi nisa da diram, takun farko zai tafi ƙasa, na biyu ya taso, mutum ya rantse iska ce alhali saiti kawai ake bukata. Na ga wanda ya sayi masta sau biyu a kan wannan.

Baban Ilham (Unguwar Dosa): Na dawo. Da inji a kashe na tattaka, ta taso amma har yanzu tana da ɗan laushi. Na danne fiye da minti ɗaya ina kallon agogo, ba ta sauka ko kaɗan ba. Da na kunna sai ta ɗan faɗa ƙasa kaɗan ta tsaya. Mai yana kan layin sama, kuma ban ga ɗigo a ƙasa ba. Birkin hannu ƙas-ƙas bakwai.

Injiniya Bashir: Madalla. Faɗawar da ta yi da ka kunna lafiya ce, busta mai ƙara wa takun ƙafa ƙarfi na aiki kenan, wanda makanikai ke cewa sabo. Dama shi in ya lalace tauri birki ke yi kamar dutse, ba laushi ba. Tunda ba ta zarewa, mastar tana riƙewa. Iska ce ta maƙale a wani wuri.

Auwalu mai kayan mota: Iskar da aka fitar sau uku? Haba Injiniya. Sai dai in ta shiga ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, wannan kam sai da kwamfuta.

Injiniya Bashir: Yana yiwuwa in an bar kofin mai ya ƙafe lokacin aiki. Baban Ilham, in ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, fitilar ABS tana fitowa a dashbod?

Baban Ilham (Unguwar Dosa): Babu ita sam. Tun da na saye ta makaniken ya ce tawa ba ta da shi.

Ɗanjuma direban Jos: Ni dai tambayata wane mai aka zuba. Akwai abin da ya faru da ni shekarun baya da ba na mantawa. Na ɗauko fasinja, muna saukowa Hawan Kibo, motar cike da kaya. Tun daga sama ƙafata ke kan birki. Muna tsakiyar gangara na taka, wallahi feda ta tafi ƙasa kamar ba a haɗa ta da komai ba. Na tattaka, na saukar da giya zuwa biyu, na riƙa jan birkin hannu kaɗan-kaɗan har Allah ya tsayar da mu. Wata tsohuwa a baya salati kawai take. Bayan kusan rabin awa motar ta huce, birki ya dawo kamar ba abin da ya faru. Ashe yaron da ke wanke min mota ne ya ga mai ya yi ƙasa kwanaki kafin nan, ya ƙara min ruwa da omo, wai haka ya ga ana yi a tasha. Tun daga ranar ba mai buɗe min bonet in ba na tsaye.

Injiniya Bashir: Allah ya ƙara kiyayewa, Malam Ɗanjuma. Abin da ya same ka tafasa ce. Ruwa yana tafasa a digiri 100, birki kuwa a doguwar gangara yana wuce haka nesa. Da ya tafasa ya zama tururi, tururi kuma yana matsuwa kamar iska. Shi ya sa aka yi wa man birki ma'auni: DOT 3 sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230. Matsalar ita ce man da kansa yana jan danshi daga iska. In ya sha ruwa, DOT 3 yana saukowa wajen 140, DOT 4 wajen 155. Ga daminar Kaduna kuma, kun san yadda take. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a zubar da shi a sa sabo duk shekara 2 zuwa 3, amma mu sai dai mu yi ta ƙari a kai har ya koma baƙi kamar shayi. Sai dai na Baban Ilham daban ne, shi tun da safe motar na sanyi birkin ke da laushi.

Maman Nabila: To Injiniya, wanda ake sayarwa a buɗaɗɗiyar kwalba a bakin titi fa? Direban gidanmu shi yake sayowa saboda araha.

Injiniya Bashir: Ki hana shi Hajiya. Gwangwanin da aka buɗe aka ajiye ya riga ya sha danshi, kuma ba ki san abin da aka gauraya ba. A sayi rufaffe, a duba murfin kofin mai na motar, a rubuce yake irin da take sha. Kuma kada a kuskura a zuba man giya ko man sitiyari, suna kumbura duk robobin birki, sai an canja su kaf. DOT 5 ma ba a haɗa shi da 3 ko 4, wani iri ne daban.

Baba Tanimu (Kakuri): Salamu alaikum. Na karanta duka. Baban Ilham, ɗana, ina da tambaya ɗaya. Kafin a taɓa kalifar nan birkinka lafiya yake?

Baban Ilham (Unguwar Dosa): Lafiya ƙalau Baba, Allah ya ƙara girma. Zafin tayar ne kawai.

Baba Tanimu (Kakuri): To a inda akuya ta ɓace nan ake fara neman sawunta. Mota ta shiga gareji da birki mai kyau, aka canja abu ɗaya, ta fito da laushi. Me ya kai mu masta? Na yi shekaru ina aikin birki a kamfanin Fijo tun zamanin 504, kuma abin da aka fara koya mana shi ne a duba aikin da hannu ya taɓa na ƙarshe. Ka karya sitiyari gaba ɗaya, ka kunna tocilan wayarka, ka ɗauko mana hoton bayan kalifar dama da ta hagu. Ina so in ga ɗan nonon da ake kwancewa a fitar da iska, mai hular roba, da inda tiyo ya shiga.

Baban Ilham (Unguwar Dosa): Ga su nan Baba. Na farko ta hagu ce wadda ba a taɓa ba, na biyu ta dama da aka canja.

Oga Sani Kurmin Mashi: Innalillahi. Baba ya gani tun kafin hoto.

Baba Tanimu (Kakuri): Kalli ta hagu, nonon yana sama, tiyo na ƙasa da shi. Kalli ta dama, nonon yana kallon ƙasa. An sayo maka kalifar hagu an ɗaura a dama. Kusoshinta suna shiga daidai, fad yana zama, shi ya sa ba a lura. Amma iska sama take hawa a cikin mai, kamar yadda kumfa ke tasowa a kwalbar lemo. Tana can ta taru a saman fistin, su kuma suna buɗe ƙofa ta ƙasa. Mai zai yi ta fitowa tas babu kumfa, yaro ya ce Oga ta fita, alhali ko motsi ba ta yi ba. Ko jarka guda za a ƙarar haka za ta zauna. In ka goge jikinta da kyau wataƙila ka ga harafin L, wato hagu.

Baban Ilham (Unguwar Dosa): Baba na goge. L ne ɓaro-ɓaro. Wallahi jikina ya yi sanyi. Mako biyu ina ɗaukar yara da wannan. Ga kuɗin robobi, ga kuɗin aiki sau uku, kuma yana shirin karɓar na masta.

Maman Nabila: Wannan ai ganganci ne da rayukan mutane. Ni a ganina ka canja makanike kawai. Kullum haka suke, ba sa bincike sai lissafin abin da za a sayo.

Oga Sani Kurmin Mashi: Hajiya, a yi mana adalci. Kuskure ne babba, ban kare shi ba, kuma in yarona ne ya yi sai ya ji a jikinsa. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Sau nawa mai mota ke tsaye a kanmu yana duba agogo, yana cewa Oga yi sauri zan ɗauko yara? Ka ce masa a kwance tayoyi huɗu a duba, ya ce kana neman kuɗi ne. Ka aiki yaro kasuwa, mai shago ya ce duk ɗaya ne dama da hagu. Laifinsa na gaske a wurina shi ne da aka fitar da iska sau biyu bai gyaru ba, bai tsaya ya yi tunani ba, ya tsallaka kan masta. Nan ne ya faɗi.

Maman Nabila: Na ji Oga Sani, kuma ban ce duka ba. Amma gaggawar mai mota ba ta sa a ba shi makulli birki na kai ƙasa. Ya ce masa motar ba za ta fita ba, ko zai yi fushi.

Oga Sani Kurmin Mashi: Wannan kam gaskiyarki ce, ba ni da ta cewa.

Auwalu mai kayan mota: Na janye maganar masta, Baba ya fi mu gani. Amma akwai dabara in ba a samu ta dama da wuri ba. A kwance kalifar daga mazauninta tiyo na jiki, a juya ta nonon ya kalli sama, a sa katako tsakanin fad, a fitar da iska, a mayar. Birki zai yi tauri.

Baba Tanimu (Kakuri): Zai yi, Auwalu, na san dabarar. Amma ka duba hoton da kyau, tiyon ya murɗe don ba nan ne mazauninsa ba. Duk karya kwana yana jan sa. Ran da ya tsage babu mai yi masa sallama. Kuma duk makaniken da ya sake buɗe layin nan gaba zai faɗa ramin nan. A mayar wa mai shago kayansa ya ba da mai R, wato ta dama. Tiyon ma a duba shi, in ya yi tsaga ko yana kumbura in an taka, a canja.

Baban Ilham (Unguwar Dosa): Na kira shi yanzu. Da farko ya ce ba zai yiwu ba, shekararsa nawa yana aiki. Na tura masa hoton ya yi shiru, ya ce gobe da sassafe zai zo gida da kansa.

Oga Sani Kurmin Mashi: Yawwa, kada ka tuƙa ta zuwa gareji. In ya zo ka ce ya matse tiyon tayar dama da abin matse tiyo, ba fulaya mai haƙori ba don tana fasa cikinsa, sannan ka taka. In feda ta yi tauri nan take, shi da kansa zai gamsu. Kuma ka tsaya a wajen lokacin fitar da iska. Mutum biyu ne, ɗaya a ciki ɗaya a taya. Na ciki ya tattaka ya danne ya ce na riƙe, na waje ya buɗe nono da sifana 8 ko 10, ya rufe, sannan na ciki ya saki. In ya saki kafin a rufe, iskar da aka kora ta koma. A sa siririn tiyo mai haske a bakin nonon zuwa cikin kwalba mai ɗan mai, don a ga kumfa da ido. A fara da ta baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu, wato daga mafi nisa da masta. Masu Honda ku lura, wasunsu da gaba ake farawa, ku bi littafin motar. Kofin mai kuma kada ya ƙafe, bayan kowace taya a ƙara.

Baba Tanimu (Kakuri): Ka sa ɗan katako a ƙarƙashin feda kada ta riƙa kaiwa ƙasa. A tsohuwar masta can ƙarshen silinda akwai datti da tsatsa inda roba ba ta saba zuwa ba, in aka tura ta can sai ta yage. Masta da yawa wajen fitar da iska ake kashe su. Taka an riga an buɗe ta an sa robobin da ba mu san ingancinsu ba, don haka bayan an gama ka sake gwajin minti ɗayan da Injiniya ya ce.

Ɗanjuma direban Jos: Tunda za a buɗe, a zubar da tsohon man duka mana. Kuma in ya ɗiga a jikin fenti a wanke da ruwa nan take, yana cin fenti.

Baban Ilham (Unguwar Dosa): Salam 'yan uwa, ga yadda aka ƙare yau Asabar. Ya zo ƙarfe bakwai. Ya matse tiyon kamar yadda Oga Sani ya ce, na taka, feda ta tsaya cak a sama. Bai ce komai ba, ya kwance kalifar ya hau babur. Wajen sha ɗaya ya dawo da mai R da sabon tiyo, ya ce tiyon daga aljihunsa. Da aka ɗaura aka buɗe nonon, kumfar da ta fito a tiyo mai hasken nan sai da na kira maƙwabcina ya gani. An zubar da tsohon mai duka, gwangwani biyu rufaffu na DOT 3 muka ƙarar. Yanzu feda tun daga sama take kamawa. Na gwada a layinmu a hankali, na sake gwadawa da ɗan gudu inda babu mutane, tana tsayawa daidai ba ta ja gefe. Na danne minti ɗaya ba ta sauka. Ya ba ni haƙuri a gaban yaransa, ya ce ba zai karɓi kuɗin aikin yau ba. Zan ci gaba da kai masa, shekara shida muna tare kuma wannan ne karon farko. Baba Tanimu, Injiniya, Oga Sani, Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a. Abu ɗaya ya rage: da na sa ya buɗe diram na baya, fot ɗin hagu, wato ƙaramar silindar da ke tura shu, yana da ɗan danshi a ƙarƙashin robarsa, amma bai jiƙa shu ba.

Baba Tanimu (Kakuri): Amin, Alhamdulillah. Danshin nan yoyo ne ya fara, kada ka jira ya kai ga shu. A canja fot ɗin duka biyu, hagu da dama, tunda shekarunsu ɗaya, a sake fitar da iska a baya, a yi wa shu saiti. Kafin nan ka ja layi da biro a jikin kofin mai daidai inda yake yau, ka riƙa dubawa kowace safiya. In ya sauka alhali ba ka ga jiƙa a tayoyi ba, a duba bayan masta inda ta haɗu da busta, wani lokaci can ciki yake zuba.

Baban Ilham (Unguwar Dosa): To Baba, na ja layin yanzu. Fot ɗin Litinin da safe in sha Allah, kafin nan ba za ta wuce masallacin unguwa ba.